Saran Farko a Kabarin Bappa

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, Bappa dai ya riga mu. Ya cika da safiyar wata Talata a tsakiyar damina, a ɗakinsa da ke unguwar Kolere a Mubi, bayan ya kurɓi kunun gyaɗa ya ture kofin ya ce an cika sukari. Wan mahaifina ne. Shi ya ɗauke ni da babana ya rasu, shi ya riƙa kai ni makaranta a bayan kekensa, shi ya aurar da ni. Da auren ya mutu, ɗakin da ke kusa da nasa ya buɗe mini, bai taɓa tambayata ko laifin wa ba ne.

Na zauna zaman makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa zama a wanda ya tayar mini da zuciya irin nasa ba. Mutanen unguwa ba ruwansu, kukansu na gaskiya suka yi. Matar maƙwabcinmu mai faci ta ce yanzu wa zai riƙa korar mata yara daga bakin rijiya. Bafulatanar da ke kawo masa nono ta ajiye ƙwaryarta a ƙofar ɗakinsa, ta zauna a ƙasa tana ta magana da Fulatanci ita kaɗai, ba wanda ya iya ɗaga ta. Tsohon limamin unguwa ya ce tun da yake bai taɓa riga Bappa shiga masallaci da asuba ba, kuma abin ya daɗe yana ba shi haushi.

Sai kuma baƙin Hamma. Hamma shi ne babban ɗan Bappa, ɗan kwangila ne a Yola, kuma ya kai shekara biyu yana neman a naɗa masa sarauta. Baƙinsa sun zo cikin motoci masu baƙin gilashi, suka toshe layinmu har mai ruwa ya rasa inda zai tura kurarsa. Matansu suka shigo mana cikin leshi da turare, wata ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya jiƙan Mama." Na ce namiji ne. Ta ce, "Ayya, haka ne," ta juya ta ɗauki kanta hoto da wayarta, tabarmar makoki a bayanta.

A kusurwar rumfa kuwa Goggo ce zaune, ƙanwar Bappa, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Kunnenta ya yi nauyi, don haka duk abin da za ta faɗa da ƙarfi take faɗinsa. Tun safe tambaya ɗaya take yi wa duk wanda ya durƙusa gabanta: "An kira mutanen dutse? Wa ya yi saran?" Baƙi suna cewa amin, suna tsammani addu'a take yi. 'Yan gida kuma kowa sai ya sunkuyar da kai ya miƙa mata ruwa.

Saboda wannan tambaya ta Goggo na zauna rubuta wannan. In ban rubuta ba, nan da ɗan lokaci abin da jikokinmu za su sani game da gidan nan shi ne abin da aka faɗa a lasifika ranar sadakar uku, kuma ƙarya ce tun daga kanta har ƙafarta.

A gidanmu akwai wata al'ada da ban san wani gida mai irinta ba. Idan aka yi mana rasuwa, ba a fara haƙa kabari sai wani namiji ya sauko daga wani gida guda da ke kan dutse a Gude, ya ɗaga diga ya sari ƙasa sau ɗaya. Daga nan sai ya koma gefe, namu su ci gaba. Idan su aka yi wa rasuwa, namu ne zai hau ya yi musu. Ba jini ɗaya muke da su ba. Mu Musulmi ne, su kuma tun zamanin iyayensu suka shiga coci. Haka aka yi wa babana, haka aka yi wa matan Bappa biyu, haka aka yi wa jaririn da na haifa bai kwana ba.

Asalin abin daga Kaka ne, mahaifin Bappa, wanda duk Kolere ta sani da Soja. Ni ban riske shi ba. Abin da na sani daga bakin Bappa na ji, da bakin Goggo, da bakin mutanen dutse, kuma labarin nasu bai saɓa ba sai a wuri ɗaya: mutanen dutse sun ce akuya uku sojoji suka kwashe musu, Bappa ya ce biyu babansa ya faɗa masa.

Kaka ya zo ƙasar nan cikin sojan Turawa, lokacin da Ingilishi suke faɗa da Jamus a kan waɗannan duwatsu. Bai taɓa samun igiyar muƙami ko ɗaya a hannun riga ba. An ba shi bindiga, amma aikinsa na kullum haƙa ne: ramin ɓuya, ramin bayan gida, da ramin waɗanda suka mutu a hanya idan Bature ya ga akwai lokacin binne su. Rundunarsu ta bi ta wata unguwa a Gude, suka kwashe awaki, suka cinna wa rumbuna wuta, kuma Kaka yana cikin masu cinnawar. Bappa bai taɓa tsallake wannan wurin ba idan yana ba da labarin. Da za su wuce, ƙafar Kaka ta riga ta kumbura da kurkunu, ba ya iya takawa. Suka karɓe bindigar, suka bar shi a bakin mayo, wato rafi, da digarsa.

Mutumin da ya tsince shi, rumbunsa na cikin waɗanda aka ƙona. Ya saɓa shi ya kai shi gida, ya kwantar da shi a ɗakin awaki, tunda ba sauran awakin da za su kwana a ciki. Na taɓa tambayar ɗan wannan mutumin, wanda muke kira Baban Dutse, me ya sa babansa ya yi haka. Ya yi dariya har ya nuna dasashi, ya ce, "Baba nawa ya ce, wannan ne ya ƙona, wannan ne zai gina. Idan ya mutu, wa zai gina?" Kaka kuwa ya warke, ya gina rumbun, ya ƙara da wani.

Amma kafin ya warke, cikin zafin ciwo, sun ce kullum kuka yake yi. Ba mutuwar yake tsoro ba. Ya ga yadda ake barin 'yan dako a gefen hanya, ya ga abin da kuraye suke bari, kuma ya san ba shi da kowa a duniya da zai tona masa rami. Ba sa jin harshen juna sosai, da hannu da guntun Fulatanci suka yi maganar. Mai gidan ya ɗauki digar, ya sari ƙasa, ya nuna Kaka. Ya miƙa masa, ya nuna kansa. Shi ke nan alkawarin: gidana zai sara wa gidanka, gidanka ya sara wa gidana. Daga baya Kaka ya sauko Kolere, aka yanka masa gona, ya yi aure, ya haifi su Bappa. Digar nan ita kaɗai ce abin da ya fito da shi daga soja. An sake mata ƙota ban san iyaka ba, tana nan ƙarƙashin gadon Bappa.

Daga ina Kaka ya fito kafin soja? Shi kansa bai sani ba. Yana yaro aka kama shi, aka sayar, aka sake sayarwa, da ya girma ya gudu ya shiga soja don a can ubangidansa ba zai iya zuwa ya kamo shi ba. Abin da yake tunawa da garinsu kawai wata bishiyar kuka ce da muryar wata mata. Yana da tsage a kumatu biyu, masu yawa, a cakuɗe.

Bappa ne ya tafi neman asalin nan, yana saurayi, bayan rasuwar Kaka. Ya hau motar gyaɗa ya yi yamma, ya yi ta bin kasuwanni har Kano, har Katsina, har Zazzau. Ba shi da hoton ubansa, don haka duk kasuwar da ya sauka sai ya nemi rumfar wanzamai, ya ɗauki gawayi ya zana tsagen a fuskarsa, ya tsuguna ya ce, "Na waɗanne mutane ne wannan?" Yara suna binsa suna dariya. Wani ya ce masa na kudancin Zazzau ne, wani ya ce na duwatsun Bauchi, wani ya ce ya biya a faɗa masa. A ƙarshe wani tsohon wanzami ya riƙe haɓarsa ya daɗe yana dubawa, ya ce tsage biyu ne a nan, na haihuwa a ƙasa, na wanda ya saye shi a kai, kuma da gangan aka yi don kada kowa ya gane na ƙasan. Ya ce masa, "Wanke fuskarka ka koma gida, yaro."

Bappa ya dawo da ciwon ido da rigar da ya tafi da ita. Tun daga nan duk wanda ya tambaye shi asalinmu amsa ɗaya yake bayarwa: "Na bi shi har ƙarshe. A ɗakin awaki na Gude ya tsaya. Kuma na shiga ɗakin, ba ya yoyo."

Mutum ne mai wuyar zama, kada a ce don ya mutu na gyara shi. Ba ya cin abincin da aka sa wa magi, kuma sai ya gane ko ƙwaya ɗaya aka jefa. Idan ka ara masa fartanya ka dawo da ita da laka, sai ya bi ka har gida da ita. Yana kiran rediyonsa "maƙaryacin nan" amma ba ya rabuwa da shi. Bai iya yabo ba. Ranar da na kawo masa takardar kama aikin koyarwa, dubawa ya yi a juye ya ce, "To, sai a riƙa tashi da wuri." Washegari na tarar ya sayar da tunkiyarsa ya saya mini agogo, ya ajiye a bakin ƙofata bai ce komai ba.

A kan maganar sara kuwa ba ya wasa. Na tuna wata shekara da matar ƙanin Baban Dutse ta rasu, ruwa ya kwana yana zuba, hanyar Kolere ta zama kunu, mayo ya cika. Bappa ya naɗe wando, ya ɗaura digar a ka da rawani, ya shiga ruwa har ƙirji. Ya dawo da yamma yana rawar sanyi, ya yi sati a kwance. Wani matashin malami da ya zo unguwar sabo ya same shi a ƙofar gida bayan ya warke, ya ce ya ji labari, kuma bai dace dattijo kamarsa ya riƙa shiga maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba. Bappa yana gyaran igiyar guga, bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Malam, sallarsu na je na yi?" Malam ya ce a'a. "Su sun zo sun yi tamu?" Ya ce a'a. Bappa ya ce, "Ƙasa na sara. Idan akwai inda aka hana sarar ƙasa don a rufe ɗan Adam, kawo mini in gani. Kafin ka kawo, riƙe mini bakin igiyar nan." Malam ya riƙe. Daga baya ma sun shaƙu, shi ya yi wa gawar Bappa wanka.

Shekarar da aka kori kowa daga Mubi, da harbi ya tashi gari ya watse, ba mu san inda za mu nufa ba sai dutse. Matar Hamma da 'ya'yansa mata suna gidan a lokacin, sun zo ganin gida hanya ta rufe da su. Baban Dutse ya tarye mu a kan hanya kamar ya san muna tafe. Ya kwashe iyalinsa ya cusa su ɗaki ɗaya, ya ba mu sauran. Da wuri ya ƙare, aka share ɗakin awaki aka shimfiɗa tabarma, 'ya'yan Hamma suka kwana a ciki har muka sami hanyar tsallakawa. Matarsa ta ware mana tukunya sabuwa don ta san abin da ba ma ci. Da lokacin salla ya yi, jikokinsa ne suke ɗebo wa Bappa ruwan alwala. Hamma ya san duk wannan, har buhun shinkafa ya aika musu daga baya, ya kuma tabbatar kowa ya ji ya aika.

Rigimarsu ta ƙarshe da Bappa a kan hoto ce. Da Hamma ya fara neman sarauta, wata rana ya zo da wani ƙaton hoto a cikin gilashi: wani soja a kan farin doki, da takobi, da lambobi a ƙirji. A waya aka samo masa, aka wanke, aka rubuta sunan Kaka a ƙasa. Ya ce za a rataye a zaure. Bappa ya sa tabarau ya duba ya ce, "Wannan kyakkyawan mutum ɗan wa ne?" Hamma ya ce, "Baba, ai misali ne, don yara su san kakansu soja ne." Bappa ya ce, "Ubana bai taɓa hawa doki ba. Jaki ma ta baya yake zagaye shi. Fitar mini da baƙon nan daga gida." Hamma ya mayar da hoton but ɗin motarsa. Ashe ajiya ya yi, yana jiran ranar da ba mai hana shi.

Ranar ta zo. Da Bappa ya cika, ni na kira babban ɗan Baban Dutse a waya, ya ce ga su nan. Na leƙa zaure na faɗa wa Hamma an kira su. Ya ce to, yana ta amsa waya. Aka sa jana'iza bayan azahar don manyan baƙi su iso daga Yola. Ban san cewa tun kafin rana ta ɗaga ya riga ya tura 'yan haƙa na haya maƙabarta ba.

Wajen hantsi na fito ɗebo ruwa a randar da ke bayan zaure, sai na hango su ta ƙofa. Baban Dutse ya tsufa ƙwarai, ya girmi Bappa ma. Laka har gwiwarsa, don mai keke napep ya ƙi shiga layinmu, da ƙafa suka ƙaraso. Ɗansa yana riƙe da shi a hannu ɗaya, ɗaya hannun da digarsu. Hamma ya fito ya tare su a bakin ƙofa, bai ko ba su tabarma ba.

Baban Dutse ya ce, "Ɗana, sannu da haƙuri. Mun zo. A nuna mana wuri."

Hamma ya ce, "An gode, Baba. Ai an riga an gama, tun ɗazu."

Tsohon ya karkata kunne kamar bai ji ba. Ya ce, "An gama yaya? Wa ya sara?"

"Yara ne suka yi. Yanzu zamani ya canza, Baba, ba sai an wahalar da ku ba."

"Ni ba na zo cin abinci ba, ɗana. Sara ɗaya ne. Ko a gefe na rami, in taɓa kawai. Baba naka ya sani."

Hamma ya waiga, don a daidai lokacin wata mota ta tsaya, wani mai babbar riga ya fito. Ya rage murya ya ce wa ɗan tsohon, "Don Allah ka kai shi can gindin mangwaro ya huta, kuma a ɓoye wannan abin, mutane suna zuwa." Mai babbar rigar ya miƙa wa Hamma hannu, ya dubi tsohon da lakarsa ya ce wane ne. Da kunnena na ji amsar. Hamma ya ce, "Wani tsohon ɗan ƙwadagon Baba ne."

Na ajiye bokitin na nufi ƙofa, mata suka riƙe ni, wai gawa tana kwance, wai ba a fita cikin maza, wai in rufa wa gida asiri. Baban Dutse bai je gindin mangwaro ba. Ya tsaya a tsallaken layi, a rana, har aka fito da makara. Ya cire hularsa, ya bi makarar da ido har ta sha kwana, sannan ɗansa ya juya da shi.

Ranar sadakar uku aka kafa rumfuna, aka rataye mutumin nan mai farin doki a ƙofar zaure, aka ɗauko wani mai zaƙin baki aka ba shi lasifika ya karanta tarihin gida. A nan na ji cewa Kaka ɗan sarki ne daga wata babbar masarauta ta yamma, ya bar gadon sarauta don ba ya son rigima da 'yan'uwansa. Na ji cewa shi ne babban saje da Turawa ba sa motsi sai da shawararsa. Na ji cewa da ya iso ƙasar nan daji ya tarar, ba kowa sai namun dawa, shi ya sare ya kafa. Mutanen da suka shekara aru-aru suna jera duwatsu suna noma a kan tudun nan, da baki ɗaya aka mai da su namun dawa, jama'a kuwa suna ta cewa masha Allah suna buɗe robar shinkafa.

Ƙarar lasifikar ta isa har kunnen Goggo. Ta jawo zanena ta ce, da muryar nan tata da ake ji har waje, "Wa ake faɗa?" Na ce Kaka. Ta ce, "Wane Kakan?" Na ce babanki. Ta ce, "Ikon Allah. Ashe ban san ubana ba." Matan leshi suka yi ta kallon ƙasa.

Da baƙi suka watse na sami Hamma a ɗakin Bappa yana duba takardun gona. Na faɗa masa duk abin da ke bakina, ban rage ba. Ya bari na gama, ya ce, "Ke me kike so in gaya wa mutane? In tashi a gaban manya in ce kakana bawa ne da aka tsinta a ɗakin awaki? 'Ya'ya mata gare ni, Malama, aure za su yi. Kin san abin da ake bincika." Na san abin da ake bincika, ban ce ƙarya ya yi a nan ba. Na ce masa, "A ɗakin awakin nan 'ya'yan naka suka kwana da ransu, lokacin da masarautar taku ta yamma ba ta aiko ko da jaki ba." Ya ce in fita masa. Na ce ɗakin ubana ne. Shi ya fita.

Na hau dutse bayan kwana bakwai don in ba da haƙuri. Baban Dutse yana zaune yana ɓarar gyaɗa. Bai bari na gama ba, ya ce, "Kai ba ka yi komai ba, yarinya na. Amma abu ɗaya yana damu na. Na bar shi ya tafi a rami na baƙo." Ya share ido da bayan hannu, ya cika mini leda da gyaɗa.

Bayan an gama girbin dawa, wata safiya wayata ta yi ƙara. Babban ɗan Baban Dutse ne. Ya ce, "Adda, Baba ya tafi." Na kira Hamma, ya ce yana da zama da mutanen fada, amma zai aika da wani abu. Na kira ƙaninsa, ya ce bayansa yana ciwo. Na kira na ukun, ya ce shi gaskiya tun da can bai yarda da abin nan ba. 'Ya'yansu maza kuwa ko sanin maganar ba su yi ba. Gidan Soja, mai ɗan sarki da farin doki, an rasa namiji ɗaya da zai ɗaga diga sau ɗaya.

Na durƙusa na jawo digar Kaka daga ƙarƙashin gadon Bappa. Goggo ta ga na fito da ita a naɗe cikin buhu, ta ce, "Ina za ki da kayan maza?" Na faɗa mata a kunne. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ki riƙe ta can ƙasa, kada ta dawo miki a ƙafa."

Keke ya sauke ni inda hanya ta ƙare, na ƙarasa da ƙafa ina hutawa. Rana ta yi tsaka kafin na isa. A raina na ɗauka zan tarar an gama, in yi gaisuwa in dawo, don bayan abin da aka yi musu ba wanda zai ga laifinsu. Da na zagayo bayan cocinsu sai na ga jama'a a zaune a inuwa. Samari suna zaune a kan duwatsu, diga da shebur a jingine a gabansu. An share wurin, an zana tsawonsa da sanda, amma ko ƙwarzane ba a yi wa ƙasar ba. Tun safe suke zaune.

Ɗan marigayin ya taso ya tarye ni, yana duban bayana ko akwai mai biyo ni. Na ce ni kaɗai ce. Na ce, "Me ya sa ba ku fara ba?" Ya ce, "Baba ya ce a jira gida na Soja." Na ce ko bayan abin da aka yi masa? Ya ce, "Na faɗa masa haka. Ya ce ba da Hamma aka yi magana ba."

Da na kwance buhun, dattawansu suka fara magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Ba na ji, amma na gane, don su ma mace ba ta haƙa musu kabari. Sai matar marigayin, wadda ta ware mana tukunya shekarar gudu, ta ɗaga murya daga cikin mata ta faɗi wata gajeriyar magana. Ɗanta ya ce mini, "Mama ya ce, kaka bai ce namiji ba. Gida ya ce."

Na tsaya a kan zanen, na riƙe ƙotar can ƙasa yadda Goggo ta ce. Na yi bisimilla. Na roƙi Allah ya jiƙan Bappa, ya yafe masa zafin bakinsa, ya haskaka ramin baƙon da aka sa shi a ciki, ya kuma jiƙan Soja da bai san sunan garinsu ba. Na ɗaga na sara. Ƙasar rani ce, digar ta yi tsalle ta girgiza mini kafaɗu, abin da ya ɓalle bai fi tafin hannuna ba. Wani dattijo ya sunkuya ya duba ya ce, "Ya yi." Samari suka tashi.

Da yamma ɗan marigayin ya rako ni har inda keke yake tsayawa, digar a kafaɗarsa. Muka yi ta saukowa har muka hango titi. Ya ce, "Adda, in tambaye ka. Rana naka idan ya zo, za su bar ni in shiga?"

Na so in ce masa e. Na tuna zauren nan, da hoton da har yanzu yake rataye a ƙofarsa. Na ce, "Ban sani ba."

Ya sa mini digar a cikin keke, ya gyara buhun don kada bakin ya yaga mini zane. Ya ce, "To. Ni dai zan zo."